Garmani ya cinye burtali: mu san shi, mu tare shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gidan Rumji, da na Agye, da na Gazawa, maganarmu ta yau a kan wani tsiro ce da kowa ya saba gani. Sunansa garmani. Wasu suna ce masa hatsin Makka, Zabarmawa kuma suna kiran sa kongoriya. Hatsi ne da ba ya shiga rumbu, ba a kuma surfa shi a turmi. Wanda ya bi burtali a watan Satumba zai gan shi tsaye, kore, da furanni ruwan ɗorawa, har ya yi zaton filin kiwo ya yi albarka. Amma a kora shanu cikinsa a gani. Za su ratsa shi su fita da yunwarsu.

Ra'ayina shi ne, garmani ya wuce a ce masa haki kawai. Shaida ce cewa filin kiwonmu ya gaji. Kuma yaƙi da shi aikin gari ne, manomi da makiyayi tare. Amma ba a yaƙar abin da ba a sani ba. Saboda haka mu fara da saninsa.

Yadda za a gane shi

Garmani dangin rama ne da kuɓewa da yakuwa da auduga. Yana tashi tsaye, yana yin rassa. Tsayinsa yakan kama daga gwiwa zuwa ƙirjin mutum, wato santimita 50 zuwa 150. Inda ƙasa take da taki yakan fi haka. Ga alamu biyar da za a duba.

Na farko, ganye. Gindin ganyen yana da faɗi, ya lotsa daidai inda ya haɗu da sandarsa, bakinsa kuma ya tsuke. Gefensa yana da ƙananan haƙora kamar na zarto. Tsawonsa santimita 3 zuwa 7. Idan ka shafa shi za ka ji laushi kamar karan-miski, domin gashi ne ya rufe shi sama da ƙasa. Gashin nan ne yake sa koren ganyen ya yi fari-fari.

Na biyu, fure. Ruwan ɗorawa ne, mai kunnuwa 5, kamar furen kuɓewa amma ƙarami ƙwarai. Yana fitowa a hammatar ganye da kan rassa.

Na uku, ƴaƴa. Ɗan garmani bai fi ƙwayar wake girma ba. Idan ya bushe sai ya rabu gida-gida, kamar gida 10. Kowane gida yana da iri ɗaya a ciki, da ƙahonni biyu masu tsini a kansa. Ƙahonnin nan su ne suke maƙalewa a gashin tumaki, da wutsiyar shanu, da bakin wando.

Na huɗu, ɓawo. Idan ka karya reshe ka ja, ɓawon zai saɓule da tsawo kamar na rama, yana da wuyar tsinkewa. Ba ya fitar da farin ruwa.

Na biyar, saiwa. Saiwa ɗaya ce babba mai nutsewa ƙasa. Da rani ganyen yakan zube, karan ya bushe. Amma inda ƙasa take da sauran laima, kututturen ba ya mutuwa. Da ruwan farko sai ya sake tohowa. Wannan ne ya sa sare shi da adda ba ya kashe shi.

Kama da wane ba ta wane

Akwai tsirrai uku da suke zama kusa da garmani, ya kamata a bambanta su da shi.

Hankufa ita ce ta fi kama da shi. Ita ma tana da gashi, furenta ma ruwan ɗorawa ne. Amma ganyenta ya fi tsawo, jijiyoyinsa sun nutse har ya yi kamar an naɗe shi an warware. Furanninta ƙanana ne ainun, a cure wuri ɗaya jikin kara. Ƴaƴanta ba su da ƙaho.

Fataka, wadda majema suke cire gashin fata da ita, ganyenta yana da siffar na garmani, yana da laushi kuma. Amma ita yaɗo take yi tana nannaɗe abin da ta samu. Idan an tsinke ta, farin ruwa kamar nono yake fitowa. Tana da guba, a tsare dabbobi da yara daga gare ta.

Tafasa kuwa abincinmu ce. Furenta ruwan ɗorawa ne, tana son gefen hanya da bayan gari kamar garmani. Amma ganyenta sumul yake, ƙananan ganye 6 ne a jere bibbiyu, ƴaƴanta kuma dogaye ne sirara. Ranar gayya a gaya wa yara kada su tuge ta.

Daga ina ya zo?

Masana tsirrai suna kiran sa Sida cordifolia. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linne shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1753. Kalma ta biyu tana nufin mai ganye kamar zuciya. Littattafai da yawa na masana sun ce asalinsa ƙasar Indiya ne. Yau ya bazu a ƙasashe masu zafi na duniya. A arewacin Ostareliya ma ya addabi masu kiwon shanu, kamar yadda ya addabe mu.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, wannan baƙo ya daɗe da sauka. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sunan garmani yana ciki. Ke nan kakanninmu sun san shi fiye da shekara 100 da suka wuce. A lokacinsu haki ne cikin hakukuwa. A lokacinmu ne ya zama mai gida.

Wannan ya isa amsa ga masu cewa makiyaya ne suka kawo shi. Gaskiya ne dabbobi suna yaɗa irinsa, a gashinsu da kashinsu. Amma akuyar manomi da take kwana a gari tana yaɗa shi kamar yadda saniyar mai tafiya mashekari take yi. Amalanke ma tana ɗaukar sa cikin taki da ciyawa. Neman wanda za a ɗora wa laifi ba zai tuge ko tushe ɗaya ba.

Ina yake fitowa?

Garmani yana son ƙasa mai rairayi, irin jigawar da ta mamaye jihar Maraɗi. Yana son rana. Yana kuma son wurin da dabbobi suka tattake suka bar kashinsu. Saboda haka za ka same shi a burtali, da filin kiwo na gari, da kewayen tafki da rijiyar shayarwa, da makwantar shanu, da kufai, da saura, da bayan gari. Wanda ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji da damina zai gan shi a gefen kwalta. Wanda ya shiga karkarar Tibiri, ko Cadakori, ko Gidan Sori, ko Saye Sabuwa, zai gan shi a hanyoyin dabbobi. A ƙasar Agye ya shiga har gandun daji na gwamnati na Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado.

Ku lura da wani abu. A cikin gonar hatsi da ake nomewa sau biyu, garmani ba ya samun sakewa. Hauya tana kashe shi tun yana ƙarami. Sai ka zo iyakar gona, ka taka burtali, ka tarar da shi ya yi daji. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Bambancin shi ne gona tana da mai ita, burtali kuwa kowa yana cewa na kowa ne, ba mai ɗaukar hauya dominsa.

Me ya ba shi ƙarfi?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bangonmu ya tsage ta wuri huɗu.

Fari na shekarun 1973 da 1974, da na 1984, ya kashe ciyawa mai yawa, musamman mai daɗewa irin gamba. Ƙasa ta zauna tsirara.

Sannan jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 1988 ta sami mutum kusan miliyan 1 da dubu 400 a jihar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 3 da dubu 400. Gundumar Gidan Rumji kaɗai ta wuce rabin miliyan a shekarar. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta ɓace, filin kiwo ya tsuke. Dabbobi masu yawa suka taru a wuri kaɗan.

Na uku, dabba tana zaɓen abin da take ci. Tana bin kyasuwa da gadagi da burburwa da harkiya da guɗe-guɗe, tana cinye su tun ba su yi iri ba. Garmani ɗanye kuwa ba ya yi mata daɗi, sai ta bar shi. Shi sai ya yi fure, ya zubar da iri son ransa. Baɗi irin ciyawa ya ragu, irin garmani ya ƙaru. Da ruwan farko sai ya tsiro a cunkushe, ganyensa ya yi inuwa, ƴar ciyawar da ta fito ta rasa rana. Haka ake yi kowace shekara har ya gaje wurin.

Na huɗu, kwasar ciyawa. Da kaka ana bin filin kiwo da manjagara, ana kankare busasshiyar ciyawa, ana kai ta kasuwa. Talauci ne yake sa haka, kowa ya sani. Amma mai kankarewa har ƙasa yana tafiya da irin ciyawar baɗi a cikin daminsa. Karan garmani kuwa ba mai saye, sai a bar shi tsaye da ƴaƴansa.

Abin da muke asara

Saniyar da ba ta ƙoshi ba, ba ta ba da nono. Akuyar da ta rame ba ta haihuwa a kan kari. Nonon da ya ragu a ƙwarya, daga bakin yaro ya ragu, kuma kowa ya san yadda tamowa take kama ƴaƴanmu a watannin bazara da tsakiyar damina. Matar da take kiwon tunkiya don Layya dole ta sayi dusa da harawa da kuɗin da za ta yi cefane. Takin da gona take jira ma raguwa yake yi.

Akwai asarar da ta fi wannan. Idan burtali ya zama garmani zalla, garken da yake wucewa ba ya samun abin tsinka. Ga hatsi da wake kore a dama da hagu. Dabba mai yunwa ba ta san iyaka ba. Daga nan sai ɓarna, daga ɓarna sai faɗa. Mutanen Gidan Rumji ba sa bukatar a koya musu inda wannan hanya take kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Ba garmani ne ya haddasa wannan masifa ba. Amma duk abin da yake rage abincin dabba a burtali yana ƙara kusantar da mu ga irinta. Mai shuka ciyawa a burtali zaman lafiya yake shukawa.

Masu cewa a bar shi

Wasu suna cewa garmani yana da amfani, don me za a yaƙe shi? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ana tufka igiya da ɓawonsa. Ana yin tsintsiya da shinge da karansa. Zuma tana bin furensa. Idan ganyen ya bushe, awaki da tumaki sukan taɓa shi lokacin da babu wani abu. Ga shi kuma yana rufe ƙasa, yana rage wa iska ƙarfin kwashe rairayi.

Amsata ita ce, a yi amfani da shi, amma kada a ba shi gari. Igiyar da ƙauye yake bukata a shekara, ɗan lungu ɗaya ya isa ya ba da ita. Ba a sayar da nonon yara don a sami tsintsiya. Sai dai maganar rufe ƙasa darasi ce babba: kada a tuge garmani a bar wurin tsirara. Ƙasa tsirara ta fi garmani muni, kuma shi ne zai fara dawowa cikinta. Duk inda aka cire shi, a sa wani abu a madadinsa.

Wasu kuma suna cewa a sa wuta, ko a fesa maganin haki. Wuta tana cinye irin ciyawa da yake kwance a bisa ƙasa, da ƙananan itatuwa, ta bar irin garmani da yake binne. Tana iya tsallakawa gonaki da rumbuna. Maganin feshi kuwa ba ya bambanta garmani da gadagi da tafasa da ɗan gawo mai tasowa. Ruwan sama yana iya wanke shi zuwa tafkin da mutane da dabbobi suke sha. Hanyoyin nan biyu suna da sauri, amma ɓarnarsu ta fi gyaransu.

Gargaɗi ga masu shan sa

A Indiya ana kiran garmani bala, masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna aiki da shi. A nan ma akwai masu jiƙa shi ko dafa shi. To, a yi hattara. Masana sun sami wani sinadari a cikinsa mai suna efedirin. Sinadarin nan yana sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yana ɗaga jini, yana hana barci. A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari masu ɗauke da irin wannan sinadari, saboda illar da suka yi wa mutane.

Mai dafa ganye a tukunya ba shi da ma'aunin da zai san yawan abin da ya sha. Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, da mai shayarwa, su nisance shi. Kada a ɗura wa jariri. Mai tari ko fuka ko zazzaɓi ya tafi asibiti a duba shi. Kasancewar abu ya tsiro a bayan gida bai sa ya zama marar illa ba.

Abin yi, wata bayan wata

Da kaka, a watan Oktoba da Nuwamba, a tara irin ciyawa mai kyau: kyasuwa, gadagi, burburwa, gamba. A shanya, a zuba a buhu, a ajiye inda gara da ɓera ba za su kai ba. Wannan aiki mata da yara sun iya shi sarai.

Da rani, mai gari ya tara manoma da makiyaya a zaɓi yankin da za a fara da shi. Kada a ɗauki abin da ya fi ƙarfin gari. Inda ƙasa ta yi tauri, a haƙa rabin wata don ruwa ya tsaya.

Da damina, a watan Yuli zuwa farkon Agusta, a yi gayya washegarin ruwa, lokacin da ƙasa take da taushi. A tuge shi da saiwarsa, ko a sare shi da hauya a ƙarƙashin ƙasa. Sharaɗin shi ne a riga fure. Wanda ya bari sai ƴaƴa sun bushe, shuka garmani yake yi da hannunsa. A sa takalmi, a kula da maciji a cikin duhuwarsa.

A ranar da aka tuge, a ranar za a watsa irin ciyawa a ja ƙasa kaɗan a rufe. A gefe-gefe ana iya shuka yakuwa da tafasa, domin suna tashi da sauri su yi masa inuwa, ga miya kuma.

Wanda aka tuge kafin fure, a zuba shi a ramin taki ya ruɓe. Wanda ya riga ya yi ƴaƴa, a tara shi a wuri share, nesa da ciyawa, a ƙone shi ana tsaye a kansa.

Yankin da aka shuka a hutar da shi har ciyawa ta zubar da iri. Amma kada a toshe burtali. A raba shi a tsaye, a gyara gefe ɗaya bana, dabbobi su bi ɗaya gefen, baɗi a juya.

A ƙarshe, a sani irin garmani yana daɗewa a cikin ƙasa. Damina ɗaya ba ta isa ba. A ƙudura damina uku a jere, ko fiye.

Aikin wa ne?

Ayyukan raya karkara irin su PASADEM, wanda ya fara a 2012, da ProDAF, wanda ya biyo baya a 2015, sun biya mutane a jihar Maraɗi suka tuge garmani, suka shuka ciyawa. An gode musu. Amma kowane aiki na tallafi yana da ranar ƙarewa, garmani kuwa ba shi da ita. Garin da ba ya fita sai an biya shi, ranar da kuɗi suka tsaya ranar garmani zai fara dawowa.

Doka ta ba mu madogara. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma yau ana samun su tun daga gunduma har ƙauye. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da dabbobinsu, ta hana a cinye burtali da noma. Ina ganin Kofo ta kowane gari ya kamata ta ƙara aiki ɗaya a kan shata iyaka: ta sa ranar gayyar garmani kowace damina, ta kuma tsayar da ƙa'idar kwasar ciyawa, yadda mai kwasa zai bar wa ƙasa rabonta. A sa mata a cikin shawara, domin mafi yawan awakin gari nasu ne. A sa makiyaya, domin sun fi kowa sanin ciyawa.

Kada wani ya ce ba za mu iya ba. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar nan suka kama sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona suna gyara shi. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan haka har ƙasashen waje. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya. Da wuƙa da gatari da haɗin kai aka yi shi. Mutanen da suka mayar da gawo da kalgo gonakinsu, za su iya mayar da kyasuwa da gadagi burtalinsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Ya tsinko reshen garmani da na hankufa ya kai dandali, a gwada wa yara bambancinsu. Sannan a je wurin mai gari a tsayar da rana, tun kafin fure ya buɗe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, da zaman lafiya tsakanin gona da garke.